Haƙoran Ɓera a Jikin Garmaho

Duk layin, Baba Kafinta ake ce masa. In ka tambayi masu shagunan da ke maƙwabtaka da shi sunansa na yanka, sai sun sosa ƙeya kafin su ce maka su ma ba su taɓa tambaya ba. Mutum ɗaya ce a duniya take da wani sunan daban da take kiransa da shi, ita ce yayarsa. Ɓera take ce masa. Yana rarrafe tana kiransa haka, ya yi gemu tana kiransa haka, gemun ya yi fari fat ba ta fasa ba. Ko a gaban matarsa da 'ya'yansa, ko a gaban masu kawo aiki, sai dai ka ji muryarta daga bakin ƙofa: "Ina Ɓeran nan ya shiga?"

Sunan yana da asali. Babansu ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, kuma abu ɗaya ya taɓa saya a rayuwarsa don jin daɗi kawai, wato garmaho. Ba irin ƙaramin nan na ɗauka a hannu ba. Babba ne mai kabad ɗinsa na katako, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, da murfi a sama inda ake ɗora faifai, da ƙofofi biyu a ƙasa inda ake jera fayafayen, da hannun wanawa a gefe. Mahaifiyarsu ta rasu yaron bai fara tafiya ba, renonsa ya faɗo kan yarinyar da ita ma ba ta gama girma ba. Da haƙoransa suka fara fitowa, dasashi na yi masa ƙaiƙayi, sai ya rarrafa ya dafa garmahon ya miƙe, ya kama kusurwar ƙofar hagu ya gartsa mata cizo. Da baban ya dawo ya ga sawun haƙora a jikin abin da yake gogewa da hannun rigarsa kullum, gidan ya yi tsit. Yarinyar ta goya ƙanenta ta tsaya a gabansa, ta dube shi ido cikin ido ta ce ɓera ne ya ci. Baban ya san ƙarya ce. Ya dubi yaron, ya dubi katakon, ya ce to a nemo tarko.

Shi kam ya tsani sunan, kuma ba ya ɓoyewa. Ita kuwa da ya isa koyon sana'a ta kama hannunsa har shagon wani tsohon kafinta, ta ce, "Ga shi nan. Tun yana jariri yake cin katako, gara ya koyi cin abinci da shi."

Maigidan nasa mutum ne mai zafi. Abu na farko da ya koya masa shi ne kada ya yarda da idonsa. In an gama goge katako, sai a rufe ido a bi shi da tafin hannu, duk inda hannun ya yi tuntuɓe to aiki bai ƙare ba. Wannan koyarwar ta shiga jikinsa ta zauna, har ta zama masa wata irin cuta. Ya je gaisuwa gidan mutane, ana magana, hannunsa na ƙarƙashin teburi yana laluben aibi. Ya taɓa zama jiran likita a asibiti, kafin layi ya zo kansa ya ciro 'yar sanfefar da ba ta rabuwa da aljihunsa ya goge hannun bencin da yake zaune a kai. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da fuskarta katako ce da tuni ya goge mata duk wata tamoji, ta koma budurwa.

Ya yi zamaninsa, ba a musu. Akwai lokacin da ba gidan da za ka shiga a unguwar ba ka tarar da gado ko kabad na hannunsa ba. Sai kayan kamfani suka shigo, waɗanda ake matse dusar katako da gam a lulluɓe da leda mai hoton itace. Suna sheƙi kamar gaske, ruwa na taɓa su su kumbura su zube. Mutane suka yi musu caa. Ɗansa na cikinsa ma da ya tare a wani gari irinsu ya cika ɗakinsa da su, bai ko ji kunyar aiko wa uban hoto ba. Shago ya koma na gyaran ƙafar kujera da ƙotar fartanya. Bai yi ƙorafi ba, sai dai ya ƙara zama mai shiru, kuma shirun nasa ba mai daɗin zama kusa ba ne.

Duk wannan bai karya shi ba. Abin da ya karya shi ciwon Yaya ne.

Da farko tukunya take mantawa a wuta. Daga nan ta fara neman mijinta da ya daɗe a ƙasa. Yanar ido ta rufe mata gani, sai haske da duhu kawai take bambancewa. 'Yarta ta ɗauke ta ta dawo da ita gidanta, tare da 'yan kayanta da garmahon da ta gada, wanda ya yi shekaru bai yi ko tari ba. Wata rana ya je duba ta, ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba, ta juyo da fuska wajen muryarsa cikin ladabi ta ce, "Sannu da zuwa, malam. Wa ake nema?"

Ya ce, "Yaya, ni ne."

Ta ce, "Madalla. A ba baƙo ruwa."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɓata rai in an ce masa Ɓera, ranar ya koma shago ya zauna a kan benci, ba abin da yake so a duniya irin ya ji an kira shi da sunan ko sau ɗaya. Ya koma washegari, ya koma jibi, kullum malam ne, kullum a ba baƙo ruwa. Sai ya fara ja da baya. Ba don ba ya sonta ba, don ba ya iya shan ruwan nan ne. Ya koma aika gaisuwa, in ya je ma a tsakar gida yake tsayawa ya tambayi jiki ya juya. 'Yar ta ji haushi, kuma tana da gaskiya.

Ana haka damina ta yi ƙarfi. Rufin ɗakin Yaya ya yi yoyo, silin ya jiƙe ya rufto, ya faɗo daidai kan garmahon. Allah ya tsare tsohuwar, amma murfin ya tsage, ruwa ya kwanta a cikin kabad ɗin. Bayan kwana biyu sai ga 'yar a ƙofar shago, an turo mata shi a amalanke an lulluɓe da tsohon zane.

Ta ce, "Kawu, ka taimaka. Tun da aka ɗauke shi daga gefen gadonta take miƙa hannu tana laluben wurin. Ta ƙi cin abinci sosai. Ko ƙusa ce ka buga masa ya tsaya, a mayar mata."

Ya yaye zanen ya daɗe yana kallo. Ƙusa! Shi za a ce wa ya buga wa wannan ƙusa? Amma ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba. Abin da ya ji shi ne Yaya ta manta kowa, ta manta shi, amma ba ta manta garmahon ba. Nan take wani tunani ya shige shi, irin tunanin da ba mai yi sai kafinta. Yaya ta sha ba shi labarin ranar da babansu ya kawo garmahon gida, yadda ta ga fuskarta a jikin katakon kamar a madubi. To in ya mayar da shi yadda yake a ranar nan, sabo fil, ta taɓa shi ta ji santsinsa, me zai hana hankalinta ya koma gidan nan, ya tarar da baba, ya tarar da jaririn da take goyo?

Ya ce, "Bar shi nan. Ba aikin ƙusa ba ne."

"Kawu, kada ya daɗe fa."

"Na ce ki bar shi."

Ya cire injin ya kai wa mai gyaran agogon da ke ƙarshen layi. Mai agogo ya buɗe, ya hura, ya girgiza kai. Ya ce ƙarfen da ke naɗewa a ciki in an wana ya karye, kuma wanda ya san inda ake samun irinsa ya riga mu gidan gaskiya. Garmahon dai ba zai sake waƙa ba. Baba Kafinta ya rungumo injin ya dawo. Abin da ya rage masa kenan katakon, shi kuwa katako nasa ne.

Ya rufe shago ga kowa. Mai kujera ya zo ya koma da kujerarsa. Ya kwance kabad ɗin gaɓa-gaɓa, ya jera a inuwa ya sha iska, don rana za ta murɗe shi. Siririn fallen katako mai ado da aka manna a saman murfin ya tashi ya yi ƙuraje, sai ya riƙa zura masa gam mai ɗumi da bakin wuƙa, ya danne, ya matse da ƙarfe, ya jira. Tsagar murfin ya cike ta da tsinken katako mai launi ɗaya da ya yanko daga ƙasan kabad ɗin, inda ido ba ya kaiwa. Ƙafar baya ta ruɓe, ya bi tarin tsofaffin katakan da yake ajiya tun yana saurayi har ya samo ɗan'uwanta, ya sassaƙa sabuwa. Hannunsa da ya fara rawa in ya ɗauki kofin shayi, a kan aikin nan ko gezau. Maƙwabta suka ji shi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, suka leƙo su ga ko lafiya.

Sai ya zo kan ƙofar hagu.

Ya rufe ido ya bi ta da tafin hannu, hannun ya yi tuntuɓe a kusurwa. Ya buɗe ido. Ga su nan, 'yan ramuka huɗu ƙanana, biyu sama biyu ƙasa. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya lura wurin ya fi ko'ina duhu da santsi, kamar ƙotar guduma da ta sha hannu, ya ce a ransa dauɗar shekaru ce ta taru. Ya ɗan tsaya, gaskiya ya tsaya. Amma ranar da baba ya kawo garmaho gida ai ba wannan tabon a jikinsa. Kuma a ce aiki ya fita daga hannunsa da rami a kusurwa, wani ya shafa ya ce wane ne ya yi? Bai taɓa yi ba tun yana yaron shago.

Irin wannan ramin ba a cike shi, tashinsa ake yi. Katakon bai gutsure ba, dannewa ya yi. Ya kankare tsohon man da ke wurin, ya jiƙa ƙyalle ya ninka a kai, ya ɗora dutsen guga mai zafi. Tururi ya tashi da ƙamshin tsohon itace. Ya ɗaga ya duba, ya sake jiƙawa, ya sake ɗorawa. A hankali katakon ya sha ruwa ya kumbura ya cike gurbinsa, ramukan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ɗan abin da ya rage ya bi shi da sanfefa mai laushi. Da ya rufe ido ya sake shafawa, hannunsa ya wuce sumul. Ya ji daɗi har cikin ransa, don ba kowane kafinta ke iya tashin tabon da ya girmi 'ya'yansa ba.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ya ƙulla auduga a cikin farin ƙyalle, ya riƙa tsoma ta a man sheƙi yana zagaya katakon da ita, a bari ya bushe, a goge, a sake. 'Yar Yaya ta aiko, ta sake aikowa, ta zo da kanta ta ce tsohuwa tana ramewa. Ya ce saura kaɗan. Bai sake shi ba sai ranar da ya sunkuya ya ga furfurarsa a jikin murfin.

Ya sa rigarsa mai kyau ya bi amalanken a ƙafa, yana yi wa mai turawa faɗa a kan kowane rami. Aka shigar da shi ɗaki aka ajiye a gefen gado, inda yake da. 'Yar ta riƙe baki ta ce, "Kai, Kawu! Kamar yau aka saye shi." Ya yi kamar bai ji ba.

Yaya na zaune a bakin gado, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin mayafi. 'Yar ta kama hannunta ta ɗora a kan katakon ta ce, "Mama, ga garmahonki ya dawo."

Hannun bai tsaya a murfin da ya sha wahala a kai ba. Bai kula da sabuwar ƙafa ba. Kai tsaye ya gangara, kamar wanda ya san hanyar gida, ya sauka a kusurwar ƙofar hagu. Babban yatsanta ya shafa wurin. Ya sake shafawa. Ya matsa sama kaɗan, ya dawo ƙasa, ya koma ƙofar dama ko an juya su. Sai ta janye hannun ta sa a cinya.

Ta ce, "Wannan ba namu ba ne."

"Mama, shi ne. Gyara shi aka yi."

"Na mutane ne. A mayar musu da abinsu, kada a ce mun ɗauka."

'Yar ta sunkuya ta duba kusurwar, ta ɗago ta dubi kawunta. Muryarta ta yi ƙasa. "Kawu, ina haƙoran?"

Ya kai ido kan kusurwar da ya goge, ita kuma ta ci gaba.

"Kullum da safe nan take fara taɓawa kafin ta sha ko ruwa. Ta shafa ta ce, Ɓerana ya ci, yana nan kusa. Sai ta yarda ta karya kumallo. Ai na ɗauka ka sani."

Ina zai sani? A tsakar gida yake tsayawa. Duhun nan da santsin da ya kira dauɗa, yatsan Yaya ne. Duk watannin da yake zaune a shago yana jin an manta da shi, ashe kowace safiya ana kiran sunansa a ɗakin nan, shi ne bai shigo ya ji ba. Kuma wurin da ake kiransa a kai, shi da hannunsa ya ɗora masa dutsen guga, har yana jin daɗin gwaninta.

Abin da ya yi bayan nan, 'yar ba ta taɓa gaya wa kowa a layin ba. Dattijo mai furfura, da rigarsa mai kyau, ya durƙusa a ƙasa ya dafa garmahon da hannu biyu, ya kai baki kusurwar ƙofar hagu ya ciza. Man da ya shafa ya bushe ya yi tauri kamar gilashi, don aikin kirki ya yi masa. Haƙoransa kuwa saura na nan da can. Ya danna har hawaye suka fito masa, har ya ji gishirin jini a baki. Da ya ɗago, ga wani tabo mummuna a karkace, mai faɗi, da tsaga a cikin sheƙin.

Ya kamo hannun yayarsa da kansa ya ɗora a wurin. Ya ce, "Yaya, ga shi. Ɓera ya ci."

Ta shafa a hankali. Ta daɗe tana shafawa, har ya fara sa rai. Sai fuskarta ta ɗaure.

Ta ce, "Wannan bakin babban mutum ne. Na Ɓerana ƙanana ne, huɗu ne kacal a bakinsa." Ta juyo wajen da take jin numfashinsa. "Malam, kai ka yi wannan? Da girmanka? To mai abin zai zo ya gani, kuma ni ba zan rufa maka asiri ba. Yaron nan kaɗai nake yi wa ƙarya."

'Yar ta fita da sauri, mayafi a baki.

Ya zauna a ƙasa inda yake. Tsohuwar ta kau da fuska gefe, har ya ɗauka ta manta da shi. Can sai ta sake magana, muryarta ta yi laushi, irin ta mai roƙon alfarma wurin baƙo.

"In za ka fita, don Allah ka duba mini hanya. Wani ɗan yaro ne, bai iya tafiya sosai ba. Ya daɗe bai shigo ba. In ka gan shi ka ce yayarsa na nemansa."

Ya ce, "To, Yaya. Zan gaya masa."

Ya goge bakinsa da hannun riga. Ɗaya hannun kuwa, wanda bai taɓa jin magana ba, ya riga ya koma kan kusurwar, yana shafa sabon tabon yana auna yadda za a tashe shi.